Auren Mangwaro

"Ni auren mangwaro na ce! Ka ji ni da kyau, Malam Ɗantala. Auren mangwaro."

"Malam Abdu, ka ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa. Ka koma ka tambayi yaron, ya maimaita maka abin da na faɗa. Na ambaci sunan ɗiyata? Na ce Saliha?"

"Ba ka ce ba. Amma tana tsaye ka faɗa, kuma ita ka kalla."

"To yanzu kallon ɗiyata ma sai na nemi izinin mutanen Gangara?"

Ina tsaye bayan asabarin zaure da kwanon ruwan sanyi a hannu. Ni ce Salihar. Mai ɗaga muryar Babana ne, Malam Abdu Mai Garka, wanda duk Cadawa ta sani da sayar da dashen itace. Ɗayan kuwa baffan Rabilu ne, ƙanin mahaifinsa. Tun da hantsi ya taso daga Gangara a bayan kabu-kabu, cikin farar riga da ta sha bula har ta koma shuɗiya, da ƙunshin goro a cinya. Ya zo nema wa ɗansa aurena.

Tsohon ya gyara zama. Sai na ji ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Shekarata sittin da uku, Malam Abdu. Ban taɓa ɗaukar goro na kai wa itace ba sai yau."

Ya miƙe. Na ji ƙarar gwiwoyinsa. Ya saka takalmi, ya kai bakin ƙofa, sai ya dawo ya ajiye ƙunshin a gaban Baba.

"Ka ba mangwaron."

Ruwan nan ba wanda ya sha. Na koma da shi na juye a randa.

Mai karatu, in kai ba ɗan garka ba ne sai na tsaya na yi maka bayani, don kada ka ɗauka tsofaffin nan sun taɓu. A wurinmu itace ma aure ake yi masa. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo, in aka bar shi haka, sai ya daɗe bai yi 'ya'ya ba, in ya yi kuma ƙanana ne masu zare. Sai a yanko ɗan reshe daga uwa mai daɗi, a fere shi kamar alƙalami, a tsaga kan ƙaramin, a soka, a naɗe da leda tam. Shi ne aure. Bayan mako uku a duba. In ya tofo, a ce aure ya kama. In ya yi baƙi, a ce aure ya mutu. Haka muke faɗa tun ina yarinya, ba mai dariya.

Kuma daga Cadawa har Gazawa ba wanda aure ke kamawa a hannunsa kamar Rabilu.

Shekara shida yana garkar Baba. Da ban ruwa ya fara, yana jan guga yana cika ledoji da ƙasa. Wata rana ya ɗauki wuƙar Baba ya gwada a kan wasu guda goma da aka yar gefen shinge. Tara suka kama. Tun daga ranar Baba bai sake riƙe wuƙar ba. Mangwaro, lemu, gwaba, har magaryar daji Rabilu ke aurarwa ta yi 'ya'ya kamar ƙwan zabo. Masu lambu daga Sae Sabuwa da Gidan Rumji kan aiko a kai musu shi. Sai Baba ya sa babbar riga ya raka shi, ya zauna a inuwa ana ce masa Allah ya ƙara basira.

A gida Baba kan ce da Inna, "Mariyama, hannun yaron nan ko likita albarka." A garka kuwa sai ya ɗaga leda ya juya ta, ya ce, "Wannan ɗaurin naka kamar na tsohuwa mai daddawa." Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce yabo kumbura ma'aikaci yake yi.

Ma'aikatansa na dindindin uku ne. Akwai Tala, mai haƙa da ban ruwa, magidanci mai 'ya'ya biyar da bakin da ba ya rufuwa. Shi an yi masa alkawarin amalanke da jaki. Akwai Ɗanmaraya, mai hawa gawo da darbejiya yana rage musu rassa a gonaki da gidajen mutane. Shi moto, wato babur, aka ce za a saya masa. Shekara huɗu ana cewa bana. Na ji Baba da kunnena yana koya wa Inna dabarar:

"In ka cika wa ma'aikaci hannu, ya tafi. In ka bar shi hannu wofi, ya tafi. Sai dai ka rataya masa abu inda idonsa ke gani, hannunsa bai kai ba."

Inna ta ce, "Wannan ai jaki ake yi wa."

Ya ce, "Jaki ya taɓa barin garka?"

Rabilu shi kaɗai ne ba a rataya wa komai ba, domin bai taɓa roƙon komai ba.

Ni kuwa da na faɗi jarrabawar kolej karo na biyu na ajiye lakol, wato makaranta, sai kai abincin rana garka ya dawo kaina. In na ajiye kwanuka, na zauna ina yanka masa leda sirara-sirara ta ɗauri. Ba ya magana in yana aiki. Ni ma ba na yi. Sai ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, in sa masa ledar. Wata bakwai muka yi haka kafin ya ce, idonsa a kan reshe, "Saliha, in na zo ƙofar gida za ki fito?" Na ce, "In na ga dama." Na ga damar kuwa. Kowa ya sani. Baba ma ya sani, bai hana ba, bai kuma ce komai ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Bara da kaka ne, shekarar da soja suka karɓi mulki suka ce riƙo ne kawai, za su shirya zaɓe su mayar. Shekarar da hatsi ya yi wuya, samari suka yi ta tsallaka iyaka. Wani Alhaji mai babban lambu a Jibiya ya aiko wa Rabilu har sau uku. Ɗaki, abinci, da albashin da Baba ba zai iya ko ambata ba.

Na zo da abinci na same su a ƙarƙashin rumfar dashe. Rabilu a tsugune, hularsa a hannu.

"Maigida, ba don an yi mini laifi ba. Ina so in kama kaina ne. In ajiye iyali kamar kowa. A nan kuwa ban ga ranar ba."

Baba yana sakace haƙori da tsinke. Bai yi sauri ba. Ya dubi layin ledoji, ya dubi Rabilu. Sai ya ɗago ya dube ni, ina tsaye da kwanuka a ka, ya riƙe kallon har Rabilu ma ya waiwayo.

"Ina za ka, Rabilu, ga aure a gabanka? Bari sojan nan su miƙa mulki, ƙasa ta zauna. Bayan zaɓe akwai aure a nan, babba. Kuma naka ne. Ba mai karɓe maka."

Rabilu ya matso. Ya kama hannun Baba da hannu biyu. Tala daga bakin rijiya ya saki guga ya yi guɗa irin ta mata, Ɗanmaraya ya jefe shi da ƙwallon mangwaro. Ni kuwa na ajiye kwanuka na gudu, mayafina na kama ƙaya.

Murnata ta awa uku ce.

Da la'asar ina ɗaki ina goge atamfata mai ruwan ganye, wadda nake sawa in Rabilu zai zo. Baba ya shigo tsakar gida yana dariya shi kaɗai. Inna na tankaɗe.

"Mariyama, na ɗaure shi."

"Wa?"

"Mutanen furoje, masu aikin raya karkara na Agye, sun ce in sabuwar gwamnati ta zauna za su ɗauki mangwaro mai aure dubu uku, su raba wa ƙauyuka. Dubu uku! Sai yanzu ɗan banzan zai ce Jibiya? Na ce masa bayan zaɓe akwai aure, kuma nasa ne."

Rariya ta tsaya.

"Malam, wane aure ya ji?"

"Wanda kunnensa ke so. Ni dai ban yi ƙarya ba."

"To ka ba shi ita mana. Suna son juna. Mi ya rage?"

"In ba shi ita ya kwashe ta ya kai Gangara, ya buɗe garka a gonar ubansa, masu sayena su bi shi? Muddin tana gidan nan, yana garkar nan."

"Ɗiyar taka ce igiya?"

"Ke dai yi tankaɗenki."

Dutsen guga ya ƙona mini atamfar, daidai ƙirji. Ban ji ƙauri ba sai da hayaƙi ya tashi.

A lokacin salulata ta yi ƙara a ƙarƙashin filo. Saƙon Rabilu ne.

"Saliha Baba ya yarda. Bayan zabe. Na fada ma Alhajin Jibiya ya nemi wani. Alhamdulillah."

Na rubuta masa gaskiya. Wallahi na rubuta. "Ba aurenmu yake nufi ba, na mangwaro ne, ka tafi Jibiya." Na karanta sau uku. Yatsana yana kan maɓallin. Sai na ga motar Jibiya a raina, na ga rumfar dashe ba kowa, na ga kaina ina yanka leda ba hannun da zai miƙo. Na goge harafi ɗaya-ɗaya. Na rubuta:

"Allah ya kai mu."

Ku zage ni, na yarda. Baba ya ɗaura, ni na ƙara ƙulli.

Na yi ta gaya wa kaina wata biyar lokaci ne mai yawa. Baba zai sauko. Inna za ta shawo kansa. Ko furojen ya fasa. Ko sojan su ƙi sauka, a yi ta tafiya haka. E, har wannan na roƙa. Duk Cadawa na zaune gindin rediyo ana addu'a a yi zaɓe lafiya, ni kaɗai nake fatan a ɗage.

Rabilu kuwa sai ya koma wani mutum. Wanda ba ya magana ya fara waƙa a bakin aiki. Yakan riga kowa zuwa, ya bi kowa tashi. Ya shuka ƙwallo dubu uku da ɗari biyu da hannunsa, bai tambayi na wane ne ba. Ranar hutunsa ya hau mota ya tafi Gangara yana buga tubali. Saƙonni suna shigowa:

"An kai ginin linta."

"Na sayar da ragona. Kwano zan sa, ba zana ba."

"Wane launi kike so a kofa? Ni shudi na ce, Baffa ya ce kore."

Nakan amsa. Na ce shuɗi.

Tala ya daina kiransa da sunansa, sai Ango. "Ango, miƙo arozuwar ban ruwan nan." "Ango, a hankali da wuƙa, amarya na son yatsu goma." In Baba na wurin sai ya yi murmushi ya juya baya. Wata rana a gida ya ce da Inna, "Kin ga aikin da yake yi? Ko dala ban ƙara masa ba." Inna ta ɗauke masa tuwon daga gabansa tun bai gama ba. Abin da ta iya ke nan.

Ranar zagaye na biyu na zaɓe muka haɗu da Rabilu a bakin lakol ɗin unguwarmu, layin mata daban, na maza daban, rana kamar ta tsaga kai. Na sa leshi ruwan toka da farin mayafi. Da muka fito ya ɗaga ɗan yatsansa mai tawada, ya nuna nawa.

"Ga lallen farko an sa mana. Gwamnati ce ma ta biya."

Na yi dariya. Na isa gida na shiga bayi na yi amai.

Aka rantsar da sabon shugaba. Kwana tara bayan nan Baffa Ɗantala ya zo da goronsa. Sauran kun ji.

Ranar da ya koma, har rana ta faɗi salulata ba ta yi motsi ba. Ni na rubuta wa Rabilu: "Ka yi hakuri." Ba amsa.

Washegari na kai abinci garka da wuri, tun ba a ji yunwa ba. Na sami Rabilu ya riga ni. Ba kayan aiki ne a jikinsa ba, wata shadda ce ruwan ƙasa da ban taɓa gani ba. Daga baya na gane ta ɗaurin aure ce. Yana tsaye gaban Baba. Tala da Ɗanmaraya sun bar abin da suke yi.

Ya ajiye wuƙar a kan bencin. Ya ajiye dutsen wasa ta. Ya ajiye damin ledar da na yanka masa.

"Maigida, ga kayanka."

"Kai dai yaro ne. Maganar manya ce, za a sake zama. Ɗauki wuƙarka, ga aure dubu uku na jiranka."

"Na ji. Shi ne nawa da ba mai karɓe mini."

"To mi na faɗa da ba daidai ba?"

"Ba abin da ka faɗa da ba daidai ba, Maigida." Ya dubi wuƙar. "Shekara shida. Da sau ɗaya ka ce mini sannu, aikinka ya yi kyau, da wataƙila ko Jibiyar ban saurara ba. Ba sai ka sa Baffana ya sa farar riga ba."

"Za ka tsaya ko ba za ka tsaya ba?"

"A gafarce ni."

Ya wuce ta gefena. Ƙamshin sabuwar shadda. Bai dube ni ba.

Baba ya ɗaga murya don ya ji: "Tafi! Ga 'yan Libiya nan sun dawo cike da gari, hannu ya yi yawa!"

Gaskiya ne sun dawo, yaƙi ya koro su ba ko jaka. Baba ya ɗauki biyu. Ɗaya gini ya sani, ɗaya gidan burodi ya yi aiki. Ranar farko mai burodin ya fere reshe har ya ƙare a hannunsa. Baba ya karɓe wuƙar, ya sa tabarau, ya ce shi ya koya wa Rabilu, ba Rabilu ya koya masa ba. Ya zauna a kan bencin. Ni ke miƙa leda. Ina ganin tsagar na karkacewa, ledar na sakewa. Kusan shekara shida bai riƙe ba. Kwana huɗu ya yi, ya aurar da ɗari biyu, bayansa ya riƙe.

Muka jira mako uku. A cikinsu ban kira Rabilu ba. Nakan buɗe sunansa in rufe. Mi zan ce?

Ranar dubawa Baba ya bi layi yana kwance leda. Baƙi. Baƙi. Baƙi. Wasu da an taɓa sai reshen ya faɗo kamar tsinke. Tala na biye da shi yana ƙirga masu rai da yatsu, bai ma gama yatsun ƙafa ba.

"Goma sha ɗaya, Maigida. Sauran duk zawarawa."

Ba wanda ya yi dariya. Tala ya goge hannu a wando, ya tsuguna kamar mai gaisuwa.

"Maigida, tambaya gare ni. Don Allah kada ka ji haushi. Amalanken nan da ka ce, na jaki ne, ko shi ma wani irin mangwaro ne?"

"Tala, ka kiyaye ni."

"A'a, don in sani ne. Kada in aiko Baffana."

Ɗanmaraya yana saman darbejiya, ya ce, "Ka tambayar mini moto ma." Ya sauko a hankali, ya jingina gatarinsa da shinge. Da azahar suka ci abincin da na kawo, suka wanke hannu, suka yi mini godiya. Washegari ba wanda ya zo. Ni da Inna muka ja guga har tafin hannunmu ya fashe, don kada dubu ukun su bushe.

Mutanen furoje suka aiko: kafin ruwa ya zauna suke so, in ba a samu ba za su nema a Maradi.

Kwana biyu Baba bai fita ba. Yana kwance a rumfa, fuska ga bango, rediyo na ta lissafin sababbin ministoci ba mai saurare. Na ga furfurar da ban san yana da ita ba. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, kuma na san ba ni da bakin yin ko ɗaya. Rana ta uku bayan sallar azahar ya kira Inna. Bai juyo ba.

"Mariyama. A ce wa mutanen Gangara su dawo. Na ba shi."

"Wanne? Faɗi sunan, in ji da kunnena."

"Saliha. Na ba shi Saliha. Ya zauna a Cadawa, in yanka masa gefen garka. Amma ya zo cikin makon nan."

Inna ta shigo ɗakina ta zauna bakin gado. Ba ta yi guɗa ba. Ta ce, "Kin ji. Kafin a tura manya, ki fara jin bakinsa. Baffansa ba zai sake hawa kabu-kabu a banza ba."

Abin da na yi wata bakwai ina roƙo ke nan. Na nemi murnar a cikina ban same ta ba.

Na rubuta: "Ina son ganinka. Magana ce mai kyau."

Sai da yamma amsa ta zo. "Ranar kasuwa zan bi ta Cadawa. Mota zan canja."

Ranar na sa atamfar nan mai ruwan ganye, na rufe ƙunar da mayafi. Ya ce ba zai zo gida ba, ba zai kuma shiga garka ba. Muka tsaya a bakin shinge, ta waje, hantsi ya ɗaga, amalanke na wucewa zuwa kasuwa da buhunan gujiya. Ya rame. Jakar leda mai zif a kafaɗarsa, da tabarma a naɗe.

"Ina kwana."

"Lafiya lau. Ya su Inna?"

"Suna gaishe ka." Na gyara mayafi. "Baba ya yarda, Rabilu. Da bakinsa. Ya ambaci sunana, Inna shaida. Ya ce har gefen garka zai yanka maka."

Yana kallon cikin garkar ta saman ƙaya. Layin farko, inda baƙaƙen suke tsaye da ledoji a kwance.

"Wa ya yi wancan?"

"Baba."

"Nawa?"

"Ɗari biyu."

"Nawa suka kama?"

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai.

"Da rana tsaka ya yanko rassan. Na sha gaya masa." Ya gyara jakar. "Su Tala fa?"

"Sun tafi."

Ya sake gyaɗa kai. Na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan taɓa faɗa ba.

"Rabilu, akwai abin da ban gaya maka ba. Tun ranar da Baba ya yi maganar, da la'asar, na ji shi yana gaya wa Inna. Na san wane aure yake nufi. Na rubuta maka, na goge. Tsoro na ji kada ka tafi."

Na jira ya yi faɗa. Da ya yi, da na ji sauƙi.

"Na sani."

"Wa ya gaya maka?"

"Ke. Ranar da Baffa ya dawo. Da ba ki sani ba, da kin kira kina kuka, kin ce mi ke faruwa. Sai kika ce in yi haƙuri." Ya dubi ƙasa. "Na zauna a ɗakin da na gina ina karanta shi. Fentin ƙofar ko bushewa bai gama ba."

"Don ina sonka ne."

"Na yarda. Shi ma Maigida yana son aikina."

Hawaye suka zubo, ban share ba. Na ce ya yafe mini. Na ce yanzu ai an gyara, magana ta fito fili, ba sauran kwana-kwana. Na ce in ya ga dama mu zauna Gangara, ni zan fuskanci Baba. Na ce abubuwa da yawa. Yana saurare, yana murza wani busasshen ganye a tsakanin yatsunsa har ya zama gari.

Daga tasha ana jiyo kamasho yana kiran Maradi, saura mutum biyu.

Ya kakkaɓe hannu. Karon farko tun da baffansa ya zo, ya dube ni cikin ido. Ba fushi a fuskarsa. Da ma fushin ne.

"Mako uku da kwana nawa, Saliha, salulata na aljihu. Shi bai aiko ba, ke ba ki kira ba. Sai da aka kwance leda."

Ya nuna layin baƙaƙen da haɓa.

"Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Da ɗari biyun nan sun kama, da kin kira ni?"